Sa'a Uku a Ganvie, Garin da Ke Tsaye a Kan Ruwa

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci muka isa matsayar jiragen ruwa ta Abomey-Calavi, ni da ƙanena, bayan mun taso daga Kwatano tun da jijjifi. Kafin mu ga ruwan ma, ƙarnin kifi ya riga ya tare mu. Mata ne birjik a bakin gaɓa, kowacce ta ɗaure kwalekwalenta, suna sauke kwanduna cike da karfasa da ƙaguwa, masu saro kuma na ta ciniki da babbar murya. Nan ce ƙofar Ganvie, garin da aka kafa kacokan a kan tafkin Nokoue a kudancin Jamhuriyar Benin. Babu titi, babu gada. Duk mai son shiga sai ya hau jirgi.

A wurin yankar tikiti aka ba mu zaɓi biyu: jirgi mai inji da rumfa, ko kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu. Muka biya da sefa, aka ba mu rasit, aka haɗa mu da ɗan jagora da matuƙi. Wannan ɓangaren ya tafi lami lafiya, ba ja-in-ja, ba wanda ya biyo mu da ƙarin kuɗin da ba a faɗa ba. Mai inji muka ɗauka saboda muna son komawa kafin rana ta take. Daga baya na yi da-na-sanin wannan zaɓi, zan kuma faɗi dalili.

Abu na farko da ya ɓata mini rai shi ne rigar kariya. Mu shida ne a jirgin, riguna huɗu ne, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Da na yi magana, matuƙin ya ɗauki gorarsa ya caka a ruwa ya nuna mini inda ta jiƙe, wai in ga tafkin ba shi da zurfi. Gaskiyarsa ce, galibin Nokoue bai fi mita ɗaya zuwa biyu ba. Amma akwai yarinya ƙarama tare da iyayenta a cikinmu, kuma mita ɗaya da rabi ya isa ya shanye yaro. Na tsaya kai da fata sai da aka kawo cikon. Duk wanda zai je, ya ƙirga rigunan kafin a kwance igiya.

Tafiyar kusan kilomita 8 ce, mun yi ta cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba. Da mun rabu da gaɓa sai na fara ganin wasu shingaye na rassan itace da ganyen kwakwa a tsakiyar ruwa, sun miƙe har inda ido ya tsaya, kamar gonakin da ambaliya ta cinye. Na ɗauka iyakoki ne kawai. Ɗan jagoran, matashi haifaffen garin, ya yi bayani da Faransanci, ƙanena na juya mini. Sunan abin akaja. Masunci zai sayo rassa daga tudu, ya kafa su cikin taɓon ƙasan tafkin a cunkushe. Rassan su fara ruɓewa, gansakuka da ƙananan halittu su lulluɓe su, kifi ya zo ya samu abinci da maɓoya, ya hayayyafa a wurin. Bayan watanni sai mai akajar ya kewaye ta da taru, a ciccire rassan, a kwashe kifin.

"Yaya, ka ji fa," in ji ƙanena, "cewa ya yi kowace akaja da mai ita, har gadonta ake yi."

Wannan ya tsaya mini a rai. Ni da nake kallon ruwa fetal, ashe a idon mutanen nan fili ne rababbe, kowa ya san inda nasa ya fara da inda ya ƙare. Ɗan jagoran bai ɓoye illar abin ba, kuma a nan ya fara burge ni. Ya ce rassan ba sa daɗewa, dole a riƙa sabunta su, wannan kuwa na cin itatuwan da ke kewaye, sannan ruɓaɓɓen da ke kwanciya a ƙasa yana ƙara cike tafkin. Ya kuma bayyana yadda ruwan ke sauya hali. Kogin Oueme da kogin So ne ke zubo ruwan daɗi daga arewa, ta kudu kuma akwai mashigar Kwatano, wadda Faransawa suka haƙa a 1885, ta haɗa tafkin da teku. Da rani gishiri ya shigo, da damina ruwan kogi ya rinjaya, tafkin ya kumbura ya ninka faɗinsa. A lokacin ne kainuwa ke mamaye hanyoyi har jirgi ya kasa ratsawa, sai gishiri ya dawo ya kashe ta.

Muna cikin haka muka wuce wani dattijo a tsaye a goshin kwalekwalensa. Ya naɗe birgi a hannu, ya murɗa ƙugu, ya wurga. Komar ta buɗe a iska ta yi da'ira cif, ta sauka a kan ruwa ba tare da ko ƙara ba. Kwalekwalen nan siriri ne, amma ko girgiza bai yi ba. A bayansa wasu jiragen na tafe da ƙyallen da aka harhaɗa da tsofaffin zannuwa da buhuna, an ɗaura a gora, iska na tura su.

Sai garin ya ɓullo. Da farko rufin kwano ne ke ƙyalli daga nesa, sannan gidajen suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan dirkoki, bangon katako ko na gora, wasu da jinka, wasu an shafa musu shuɗi ko kore. Ƙarƙashin kowane gida akwai kwalekwale a ɗaure, wani biyu, wani uku: na maigida, na uwargida, na yara. Sama da mutum dubu 20 ne ke zaune a nan. Akwai masallaci, akwai coci-coci, akwai makaranta da asibiti, akwai mai aski da mai cajin waya. Wasu wurare an yi cikon ƙasa, wadda aka ɗebo a jirgi kaɗan-kaɗan, domin a samu filin makaranta da inda yara za su taka ƙasa su yi wasa. Na ga akuya a ɗaure a kan wani ɗan tsibiri da bai fi tabarma uku ba.

Masu tallar yawon buɗe ido suna kiran Ganvie Benis ta Afirka, wato suna kwatanta shi da birnin Benis na Italiya da ke kan ruwa. Sunan bai yi mini ba, domin yana rufe abin da ya kawo mutanen nan tsakiyar ruwa. 'Yan ƙabilar Tofinu ne, kuma kakanninsu gudun bauta suka yi, sama da shekara 300 da suka wuce. Mayaƙan Fon, ƙabilar da ke mulkin daular Dahome, na kai hare-hare suna kama mutane suna sayar wa Turawa a bakin teku. Daular Dahome ta ci masarautar Allada a 1724, ta ci ta Wida a 1727 a zamanin Sarki Agaja, Wida kuwa na cikin manyan tashoshin da aka yi lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka. Tarihin baka ya ce addinin mayaƙan ya hana su bin abokin gaba cikin ruwa, shi ya sa Tofinu suka shige tafkin suka kafa dirkokinsu. Ɗan jagoran ya ƙara da almarar da ake ba yara, ta sarkin da ya rikiɗa ya zama tsuntsu ya gano wurin, sannan kadoji suka goyo jama'arsa zuwa can. Ya faɗe ta a matsayin almara, bai cakuɗa ta da tarihi ba. Ya ce ana fassara sunan garin da "mun tsira". Da ya faɗi haka, jirgin ya yi tsit. Na dubi dirkokin nan baƙaƙe da ruwa ya ci, na ga kowace ɗaya shaida ce ta mutanen da suka gwammace su bar tudu da gona da kabarin iyaye da a sa musu mari a ƙafa. Tun 1996 garin ke cikin jerin wuraren da Benin ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Yanzu ga inda inji ya cuce mu. Matuƙin bai rage gudu ba da muka shiga lungunan garin. Igiyar ruwan da muke tayarwa na dukan ƙananan kwalekwale, na ga wata yarinya da ba ta fi shekara bakwai ba ta saki filafili ta dafe gefen jirginta da hannu biyu har muka wuce. Ba ta ce komai ba, kallo kawai ta bi mu da shi. Kunya ta kama ni. Na ce wa ƙanena ya roƙe su a kashe injin. Ɗan jagoran ya yi wa matuƙin magana, ya ɗan yi gunaguni, ya kashe, ya ɗauki gora.

Daga nan ne na fara jin garin. Ƙarar taɓarya daga wani gida, rediyo daga wani, ɗalibai na bitar karatu da murya ɗaya, ruwa na ɗiga daga filafili. Muka zo wurin ɗiban ruwa. Abin mamaki ne a ce mutanen da ke kwana a kan ruwa sai sun yi layi kafin su samu na sha, amma haka yake, na tafkin ba ya shayuwa. Rijiyar burtsatse ce da doguwar mesa, kwalekwale sun fi ashirin a jere, kowanne maƙare da jarkoki da manyan robobi. Mace za ta matso, a cika mata, ta juya jirginta da ya nutse har ruwa ya kusa taɓa baki, ta tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kusa da nan kasuwa ce, ita ma a kan ruwa: tumatir, albasa, itacen girki, sabulu, duk a cikin kwalekwale, mai saye ya kama gefen jirgin mai sayarwa har a gama ciniki.

A kasuwar ne wani daga cikin waɗanda muke tare ya ɗaga kyamara. Nan take wata tsohuwa ta sauke faffaɗar malfarta ta rufe fuska, wasu mata biyu suka juya baya. Ɗan jagoran ya kamata ya ja mana kunne tun daga gaɓa, bai yi ba sai da abin ya faru, kuma ina ganin wannan babban giɓi ne a aikinsa. Shekara da shekaru baƙi na ratsa ƙofar gidajen mutanen nan suna ɗaukar su hoto suna wanka, suna girki, suna shayar da jariri, babu ko sallama. Wa zai so haka? Na sa waya a aljihu. Na nemi a matsa da mu kusa da tsohuwar, na gaishe ta ta bakin ɗan jagora, na ce, "Mama, a yi haƙuri." Ta ɗaga malfar kaɗan ta dube ni. Na sayi lemo a hannunta, ta zaɓo mini da kanta, tana matsa kowanne da babban yatsa, ta ƙara ɗaya gyara. Hotonta ban da shi, amma har yanzu ina iya ganin hannun nan da ruwa da filafili suka yi wa kanta.

Ban ji daɗin zangon da aka yi mana a shagon kayan tsaraba ba. Kusan minti arba'in muka yi a can cikin sassaƙe-sassaƙe da zane-zanen da na riga na gani a Kwatano, alhali a wurin akaja ko minti biyar ba mu tsaya ba. Ba a tilasta mana saye ba, wannan kam na yaba. Sai dai da an tambaye ni, da na zaɓi a kai ni in ga yadda ake kafa dirka ko gyaran kwalekwale.

Akwai kuma abin da hotunan talla ba sa nunawa. Leda da robobi na yawo a ƙarƙashin gidaje, kuma bayan gida da yawa kai tsaye yake zuba cikin tafkin da yara ke iyo a ciki. Na tambayi ɗan jagoran, bai yi kwana-kwana ba, ya ce matsala ce da su kansu take damu. Na kuma tambaye shi ko kuɗin tikitinmu na isa ga mutanen garin. Ya yi ɗan shiru, ya ce wanda ke son kuɗinsa ya shiga hannun ɗan Ganvie, ya sayi abu a kasuwa, ya ci abinci a garin, ko ya kwana.

Shin tafiyar ta ci kuɗinta? Ta ci, har da riba, kuma rabin darajarta daga bakin ɗan jagoran ta fito. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi mai yi masa tafinta tun a wurin tikiti, in ba haka ba gidaje kawai zai gani a kan sanduna. A je da sassafe, lokacin da kasuwa ke ci kuma rana ba ta buɗe ba. A riƙe hula da ruwan sha da canjin sefa, a sa waya a leda saboda feshin ruwa. A faɗa wa matuƙi tun farko cewa da an shiga gari inji zai mutu.

Mun dawo Abomey-Calavi wajen ƙarfe goma da rabi, matan kifi sun fara harhaɗa kwandunansu za su koma. Akwai ƙananan masaukai a cikin Ganvie, su ma a kan dirkoki, kuma na riga na gaya wa ƙanena cewa in Allah ya sake kai mu, kwalekwalen hannu za mu hau, mu kwana a can, domin in ga fitar masunta da asuba.