Allon rile mai USB: ya kunna mini fanka lafiya, ya jawo mini asarar ƙwai

Ina kiwon kaji a Rigasa, ina kuma da injinan ƙyanƙyasa guda huɗu waɗanda na haɗa da hannuna, kowanne da ma'aunin zafi samfurin PT100 a cikinsa. Da yake na'urar karanta zafin guda ɗaya ce gare ni, sai na sayi wani allo mai rile takwas, wato makunnai masu haɗa layin wuta da katse shi, wanda ake jona shi da kwamfuta ta USB, domin kwamfutar ta riƙa juya layin daga wannan inji zuwa wancan tana rubuta mini zafin kowanne. A makon farko na ji daɗinsa ƙwarai, domin ina zaune zan ji ƙas, ƙas, jar fitilar kowane rile tana kamawa bi da bi, har na kira maƙwabcina ya zo ya gani.

Ana cikin haka sai inji na uku ya fara nuna digiri 40, alhali ƙwan kaza 37.5 yake so. Hankalina ya tashi, na rage wuta har lambar ta dawo daidai. Ranar 21 ta zo, shiru. Sai a rana ta 23 'yan tsaki suka fara fasa ɓawo ɗaya-ɗaya, jikinsu a jiƙe, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa, kuma fiye da rabin ƙwan ba su fashe ba sam. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba, domin akwai mutanen da suka riga suka ba ni kuɗinsu.

Wani ƙanina da ya karanta lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna shi ya gano matsalar. Ya ɗora mita a bakin rile na uku, ya ce, "Yaya, ai zafin injinka bai taɓa wuce ƙima ba, allon ne ya yi maka ƙarya." Ya bayyana mini cewa da om, wato awon yadda abu ke tare wucewar wuta, ake gane zafi a PT100, kuma yana ƙara kimanin om 0.385 ne kacal a kowane digiri, saboda haka om ɗaya tak da ya ƙaru a mahaɗar rile zai sa a ga ƙarin sama da digiri biyu da rabi. Waɗannan rile an yi su ne don kaya masu cin wuta, amfiya 10 aka rubuta a bayansu, kuma ƙarfin wutar da ke ratsa bakinsu na azurfa shi ne ke ƙone dauɗar da ke taruwa a kai. Wutar ma'aunina kuwa ba ta wuce miliamfiya ɗaya ba, ba ta da ƙarfin goge komai, sai dauɗar ta taru ta ƙara om. Irin wannan aiki sai ƙananan rile masu bakin zinare, ko waɗanda aka rufe mahaɗarsu cikin gilashi.

Don adalci, da na mayar da allon kan fankoki da ƙwayayen fitila, wata huɗu ke nan bai ba ni matsala ba, kuma a kan wannan aiki zan iya cewa mutum ya saya.

Sai dai har yanzu ina jin haushin mai shagon, domin na faɗa masa dalla-dalla abin da zan yi da shi, ya ce mini babu abin da ba ya ɗauka. Ko takardar bayani babu a kwalin. Bai kuma gaya mini cewa kowane rile yana jan kusan miliamfiya 70 ba, alhali ramin USB na tsohuwar kwamfutata 500 yake bayarwa, shi ya sa duk lokacin da na kunna takwas ɗin gaba ɗaya sai allon ya ɓace daga kwamfuta, sai da na nemo masa caja mai bolt 5 ta daban. Na koma shagon da hoton ƙwan a wayata, ya duba ya ce Allah ya mayar da alheri, ya juya wajen wani mai saye.