Yadda na nemo wa maƙwabciyata kakanta a ScotlandsPeople

Tsohuwar da muke maƙwabtaka da ita a Gilasgo, birni a ƙasar Sikotilan, ce ta jawo ni cikin wannan aiki. Abin da ta sani game da kakanta bai wuce biyu ba: mahaƙin kwal ne a Lanarkshire, wani yanki kusa da Gilasgo, kuma a rami ya rasu. Ita ba ta iya kwamfuta ba, ni kuma ina da hutun mako guda, sai muka zauna.

ScotlandsPeople shafin hukumar adana bayanan ƙasar Sikotilan ne. Duba jerin sunaye kyauta ne, buɗe hoton takarda ne ke cin kuɗi. Lokacin da na yi amfani da shi, kiredit ake saya a biya da shi, guda 30 fam 7.50 ne, kowace takarda kuma tana cin 6. Nan na yi gaggawa. Sunan mutumin gama-gari ne, kamar ka shiga Kano kana cigiyar wani Malam Musa, na buɗe takardun mutum uku da ba shi ba kafin na hankalta na fara tacewa da shekaru da gunduma.

Abin da ya burge ni shi ne takardar shaidar mutuwa. Tun 1855 suke rubuta sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidansu kafin ta yi aure, don haka takarda ɗaya sai ta kai ka baya da tsatso guda. A ta kakan nan, matarsa ce ta kai rahoton rasuwar, kuma a wurin sa hannu alamar X ta yi, magatakarda ya shaida. Tsohuwar ta daɗe tana kallon wannan alama, har shayinta ya huce.

Ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921 ma tana nan, sai dai rubutun hannun wasu malaman ƙidaya sai an yi haƙuri. Mahaƙa kuma ba sa zama wuri ɗaya, domin gidan da suke ciki na kamfani ne, aiki ya ƙare, zama ya ƙare. A ƙidaya uku, ƙauye uku muka same shi.

Yadda hatsarin ya faru kuwa a Scottish Mining Website muka gani, shi kyauta ne. Kamanninsa na tsohon yayi ne, amma cike yake da sunayen waɗanda suka mutu a ramuka, ciki har da na fashewar ramin kwal na garin Blantyre ta 1877 da ta kashe fiye da mutum 200. Namu ba a babban hatsari ya tafi ba, rufin rami ne ya rufta masa shi kaɗai, labarinsa a shafin layi biyu ne kacal.

Daga baya na buɗe tsofaffin taswirorin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, inda ake jera ta da da ta yau gefe da gefe. Layin gidajen mahaƙan da aka haifi mahaifinta yanzu fili ne. Ta ce in buga mata taswirar a takarda, za ta kai wa ƙanwarta.