Wane Shafe Ya Fi Dacewa Da Kawunan Wayar Batirin Sola?

Duk wanda zai haɗa batir da inbata ya kamata ya duba abin da aka shafe kan wayar da shi, wato ɗan ƙarfen da ake maƙala wa ƙarshen wayar wuta a ɗaure shi da noti a jikin batir, kafin ya tambayi farashi, domin inbata mai ɗaukar wat 2,400 a kan batir mai bolt 24 tana jan kusan amfiya 100, kuma wutar nan duka ta wannan ɗan ƙarfen take bi.

A ganina babu kamar jan ƙarfe mai shafen kuza. Gaskiya ne kuza ba ta kai kashi 20 cikin 100 na jan ƙarfe wajen wuce da wuta ba, amma shafen siriri ne ƙwarai, saboda haka wutar ba ta jin sa. Amfaninta shi ne tana hana jan ƙarfen yin kore idan tururin ruwan batir ko damshin damina ya taɓa shi, kuma da yake tana da laushi, da zarar an ɗaure noti sai ta kwanta ta manne da ɗayan ƙarfen. Tana kuma karɓar dalma ba gardama. Azurfa ta fi kowane ƙarfe wuce da wuta, sai dai tsadarta ba ta da dalili a ɗakin batir. Shafen nikel, wani farin ƙarfe, na wurin zafi mai tsanani ne. Shafen tutiya kuwa na kusoshi ne, fenti kuma hana wuta wucewa yake yi, dole a kankare shi.

Babbar matsalar ita ce jabu. Akwai kawunan da cikinsu baƙin ƙarfe ne ko alminiyam, an yi musu shafe mai ƙyalli ana sayar da su a matsayin jan ƙarfe, kuma irinsu ne suka taɓa narkar mini da robar waya har ɗakin ya cika da ƙauri. Ka tafi kasuwa da maganaɗisu: idan ya kama, ka ajiye. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, don haka ka auna nauyin a tafin hannunka, tunda jan ƙarfe ya ninka shi fiye da sau 3. Sannan ka nemi izinin mai shago ka goga gefen guda ɗaya da magagari. Ja ya kamata ka gani a ciki. Idan fari ne ko rawaya, ba jan ƙarfe zalla ba ne. Mai shagon da ya hana a goga, ka nemi wani.