Ranar da alƙaliyata ta roƙe ni ƙuri'a

Yaya, barka da war haka. Ka ce in daina turo hotunan gadoji in ba ka labari mai tsoka, to ga shi.

Ka tuna mai gidan hayar da na tashi daga gidansa bara, wanda ya riƙe mini kuɗin ajiya dala 1,400 wai na ɓata masa kafet? Dokar jihar Texas ta nan Amurka ta ba shi kwana 30 ya mayar ko ya rubuto dalili, bai yi ko ɗaya ba. Wani abokin aikina ya ce in kai shi ƙaramar kotu. Dariya na yi, don ni ɗan Tudun Wada ne, abin da na sani kotu wurin kai kuɗi ce, ba a zuwa karɓowa. Duk da haka na cike takarda ta intanet, ba lauya, aka aika masa sammaci. Ranar da aka sa kuwa ita ce ranar da aka zauna. Alƙaliya ce, dattijuwa. Ta duba hotunan ɗakin a wayata, ta yi masa tambaya uku, cikin minti 20 ta ce ya biya ni. Na fito ina waige-waige ko wani zai biyo ni ya ce a ba da na goro. Shiru. A mota sai da na yi hawaye, don shari'ar filin Baba na Rigasa ce ta faɗo mini a rai, shekara bakwai ana ɗagewa har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi wata biyu ina yabon matar nan a gaban duk wanda zai saurara. Sai wata Juma'a, mun fito daga masallaci a nan Houston, na hango wata a bakin ƙofa da ɗan gyale a ka tana raba takardu. Ita ce! Ta miƙo mini ɗaya, ga hotonta, ga sunan jam'iyya, tana murmushi tana cewa kada in manta da ita ranar zaɓe. Ba ta gane ni ba. Ni kuwa har na fara rusunawa zan ce ranki ya daɗe. Ban iya gaya mata ba ni da ƙuri'a a ƙasar ba, na karɓa kawai, jikina a sanyaye.

Ashe a Texas alƙali ɗan takara ne kamar kansila, daga ƙaramar kotu har kotun ƙolin jiha. Yana buga fosta, yana yawon kamfe, lauyoyin da za su tsaya gabansa gobe suna iya ba shi gudummawa yau, kuma doka ta yarda. A 2018 guguwa ta kaɗa a gundumar Harris da nake ciki, 'yan Dimokurat suka kwashe duk kujerun alƙalai 59 da aka yi takara a kansu, nagari da mugu na ɗaya ɓangaren suka tafi tare. A Wisconsin, zaɓen kujera ɗaya tal ta kotun ƙolin jiha a 2025 ya ci sama da dala miliyan 100, har Elon Musk ya je yana raba cakin miliyan ɗai-ɗai, kuma ɗan takararsa ya sha ƙasa. Kotun Ƙolin Amurka ba a zaɓe, amma alƙalanta tara kowa ya san shugaban da ya naɗa kowanne. A 2016 majalisar dattawa ta ƙi ko sauraron wanda Obama ya gabatar wai zaɓe ya kusa, a 2020 ta tabbatar da wadda Trump ya gabatar saura kwana takwas zaɓe. Wannan da a gida ne, da an yi wata ana zaginmu a rediyo.

Kada ka ce na wanke namu. Ban manta an dakatar da Alƙalin Alƙalan Najeriya Onnoghen ana saura makonni zaɓen 2019 ba, ko yadda wanda ya zo na huɗu a Imo ya wayi gari gwamna da hukuncin Kotun Ƙoli a 2020, ko yadda Kano ta yi ta riƙe numfashi kan shari'ar zaɓen gwamna har Janairun 2024. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya mu ne. Lokacin shari'ar Baba, wa ya taɓa tambayar ina takardar saye? Kullum a zaure maganar ɗaya ce: wa ya san alƙalin, ɗan gidan wane ne, wane Alhaji zai yi masa waya. Har da ni a masu tambayar. Muna zagin kotu a majalisar mai shayi, da dare kuma muna neman hanyar gidan alƙali.

Ita dai takardar tana nan manne a jikin firij, na kasa yar da ita, na kuma kasa kallonta da daɗi. Kuɗin sun shigo, na tura wa Inna rabi.

Mutumin nan da ya ce maka zai ga rajistara a fito da fayil ɗin Baba, don Allah kada ka ba shi ko sisi sai mun yi waya. Ka gaya mini ranar da aka sake ɗagewa zuwa. Ka gaishe da Anti da yara, kuma in an samu mai tahowa, a sako mini daddawa da kuka, na nan ba su da ƙamshi.