Tarwaɗa ko mai jan wutsiya? Ga tawa shawara

Ɗan'uwa, tsakanin tarwaɗa da wancan kifin mai jan wutsiya da ka turo hotonsa kake son sawa a akwatin gilashi, ɗauki tarwaɗa ka huta.

Ni ita gare ni a ɗakin zama, guda ɗaya tal, tun ba ta fi tsawon yatsa ba na karɓo ta wajen wani mai kiwon kifi, yanzu ta haura kamu guda. Wallahi ta san shigowata, da na dawo daga magariba sai ta taso jikin gilashi gashin bakin nan nata guda 8 suna ta motsi, in na miƙa mata fara ko ɗan hanjin kaza ta warce da ƙara har ruwa ya fantsamo mini a riga, yara kuwa har rigima suke kan wa zai ba ta. Amma abin da ya sa nake yabonta shi ne matsalar kuran, wato wutar lantarki. Ka san bazarar Maraɗi, zafi ya wuce 40, a ɗauke wuta tun hantsi, injin da ke ba ruwan akwatin iska ya tsaya cik. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, sai ka ga ta hau sama ta kurɓi iska ta koma ƙasa abinta. Shi ya sa kake ganinta da rai cikin taɓon Gulbi bayan ruwa ya janye.

Tana da nata halin fa. Ƙazanta gare ta, kowane sati sai ka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ka sake, kuma ruwan pampo ka bar shi ya kwana a buɗe kafin ka zuba saboda maganin da ake sa masa. Duk kifin da zai shiga bakinta ta haɗiye shi, har 'yar uwarta ƙarama, don haka kada ka haɗa ta da kowa. Tana tsalle da dare, sa murfi ka ɗora bulo a kai, amma ka bar sarari tsakanin ruwa da murfin don ta samu iskar shaƙa. Ƙayar gefenta ma tana suka, kada yaro ya tura hannu.

Mai jan wutsiya kam kyau yana da shi, iyakarsa ke nan. Kifin kogin Amazon ne da Orinoko can Amurka ta Kudu, yana wuce mita ɗaya, yana yin shekara 15 har sama, ruwan da yake buƙata dubban lita ne, kuma har duwatsun akwati haɗiyewa yake. In ba ka da pano na hasken rana da batir da za su riƙe injin tace ruwa dare da rana, wahala kawai za ka saya wa kanka da shi kifin.

Sannan ka yi hattara da masu talla a WhatsApp da Facebook. Za su ce maka wai kifi daidai akwatinsa yake girma, ƙarya ce tsagwaronta, tsumburewa yake, jiki ya lanƙwashe ya mutu a wahale. Kada ka tura kuɗi kan hoto, kifin da aka ƙulle a leda ya biyo mota daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa cikin wannan rana, sai ka gan shi yana iyo da idonka sannan ka biya. Ko a tarwaɗar ma wasu ramboshi suke cusa wa mutum, shi kuma ya fi ta girma. Duba bayansa, tarwaɗa fiffikenta na baya ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya, ramboshi nasa biyu ne, na biyun tsoka ce zalla.

Ranar da tarwaɗa ta fi ƙarfin gilashi sai ka mayar da ita tankin siminti a tsakar gida, ko ta shiga tukunya. Wancan kuwa wa zai karɓa? Kuma don Allah kada wani ya ce zai kai shi tafkin Madarunfa, baƙon maci kifi ne, abincin masunta zai taɓa.

In tarwaɗar za ka ɗauka, sa a yanka maka gilashi mai kaurin milimita 10, tsawo santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 ke nan. Ruwan kaɗai kilo 300 ne, saboda haka ka je wajen mai walda ya yi maka mazauni na ƙarfe, tebur ɗin katako ba zai ɗauka ba.