Gargaɗi ga mahauta da masu suya a Legas: hattara da "maƙerin" intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman mahautan Oko-Oba da masu suya na Agege, Obalende da Idi-Araba. Ina so in faɗa muku abin da ya same ni tun kafin Babbar Sallah ta matso, lokacin da kowa ke neman wuƙa mai kyau ido rufe.

Akwai wani mutum da ke tallar wuƙaƙe a Facebook da Instagram, yana kuma ciniki ta WhatsApp. Cewa yake shi ma'aikaci ne, ƙira sha'awa ce kawai, a ƙarshen mako yake hura wuta a bayan gidansa. Hotunansa kuwa sai wanda ya gani: wuƙaƙe masu zane a jikin ƙarfe kamar igiyar ruwa, ƙota ta ƙaho ko baƙin katako, da kube na fata. Ya ce ƙarfen Damaskas ne, da hannunsa yake ƙerawa, har sunanka zai zana maka. Ba zan sa sunan shafin ba, domin sau biyu ya canza suna a 'yan watannin nan. Salon nasa ne ya kamata ku riƙe.

Ni kawuna na so in yi wa kyauta. Shi ya riƙe ni tun ranar da na sauka Agege da jaka ɗaya, kuma ya haura shekara 30 yana fawa. Muka yi ciniki a naira 60,000, na tura 35,000 kafin alƙalami, ya ce mako uku. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, da na yi magana ya ce na matarsa ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Mako uku ya koma bakwai: yau babu wuta, gobe gawayi ya yi tsada, jibi ya ƙone a hannu. Na nemi in zo maƙerar in gani, ya ce ba ya karɓar baƙi a gida. Daga ƙarshe ya ce ta kammalu, in cika kuɗi ɗan aike ya kawo a babur. Na cika.

Na kai wa Kawu da yamma, bayan an watse daga yanka. Ya zare ta daga kube, ya juya ta, ya duba gadon bayanta, ya yi shiru. Sai ya ce wa yaronsa, "Miƙo min magagari." Ya goga sau ɗaya a bakin wuƙar, magagarin ya kama ƙarfen ya ci kamar yana cin ƙusa, garin ƙarfe na zuba a kan tebur. Ya ɗauko ƙashin haƙarƙari ya sara a hankali, kaifin ya lanƙwashe. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, niyyarka ta iso. Amma wannan ba ta sha ruwa ba, ko albasa za ta dakushe ta." Wallahi wannan addu'ar ta fi kuɗin ci min rai.

Abin da Kawu ya gane da hannu, daga baya na bi diddiginsa. Wuƙar kirki sai an gasa ƙarfenta ya yi ja, a tsoma a mai (wannan ne shan ruwan da Kawu ke nufi), sannan a sake ɗumama ta a zafi wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius don kada ta yi saurin karyewa. Wadda aka yi wa haka, magagari santsi yake yi a kanta, ba ya kamawa. Shi kuwa Damaskas na zamani, ƙarfe iri biyu ake jerawa, yawanci masu lamba 1084 da 15N20, a haɗe su da wuta da guduma, a yi ta ninkewa, sannan a tsoma a ruwan asid zanen ya fito. Saboda haka zanen a cikin naman ƙarfen yake, ana ganin layukansa har a gadon baya, kuma ba a samun wuƙa biyu masu zane iri ɗaya sak. Tawa bayanta fes yake. Na goge wani gefe da takardar goge katako, zanen ya tafi, na jiƙa wurin da ruwan lemun tsami ya kwana, ko alama bai dawo ba. A sama kawai aka buga shi, kamar zanen atamfa.

Hotunan ma ba nasa ba ne. Ƙanena ya sa guda uku a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya fito, sai ga su a shafin wani mutum a Amurka mai ƙira don sha'awa. An yanke gefen da tambarinsa yake, kusa da ƙota, inda maƙeran gaske ke buga alamarsu. Shi ma bawan Allahn nan an cuce shi. Da na tura wa mai tallar wannan hujja, bai amsa ba, toshe ni ya yi. Wani mai suya da muke sallah masallaci ɗaya shi ko wuƙar bogin bai samu ba, kafin alƙalaminsa ya bi ruwa.

Ban ce duk mai tallar wuƙa a intanet ɓarawo ne ba. Akwai masu yi tsakani da Allah, kuma ba su da wuyar ganewa. Ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye gaban wutarsa, ya ɗaga wuƙar, ya juya bayanta, ya goga mata magagari kana kallo. Mai maƙera murna zai yi da wannan, domin babu abin da yake so kamar a tambaye shi aikinsa. Tambaye shi wane ƙarfe ne. Ko sifirin mota ne zai faɗa maka ba kunya, ai da shi maƙeranmu na gida suka daɗe suna ƙera wuƙar da ke shekara da shekaru a hannun mahauci. Wanda ke da wuƙa hamsin iri-iri a shafi, alhali ya ce Asabar da Lahadi kaɗai yake aiki, a tambaye shi yaushe ya ƙera su. Kuma in sunan asusu ya saɓa da na mai magana, kada ko sisi ta fita.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara. Sashen 'yan sanda na yaƙi da zamba yana titin Milverton a Ikoyi, ofishin EFCC ma yana Ikoyi, a titin Awolowo. Ni na kai tawa, kuma in muka yi yawa a kan asusu ɗaya maganar ta fi nauyi. Shugabannin mahauta kuma don Allah a sanar a mayanka bayan sallar Juma'a, domin da yawa daga cikin dattawanmu ba sa karanta irin wannan, yaransu ne ke nuna musu hoto a waya.

Wuƙar tana nan Kawu ya rataye ta a rumfarsa. Duk wanda ya zo da hoto yana shirin tura kuɗi, miƙa masa ita yake yi tare da magagari, ya ce ya goga da hannunsa.