Zama a shagon firintin ko ƙirƙirar aiki a gida: wanne zai cika maka kundin ayyuka?

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ka koyi dizayin a YouTube, kana da 'yar laftof ɗinka, amma duk inda ka nemi aiki sai a ce ka turo fotfoliyo, wato kundin ayyukan da ka yi, kai kuwa ba wanda ya taɓa ɗaukarka balle ka tara abin nunawa. Yanzu kana tsaka mai wuya: ko ka je ka zauna a shagon firintin na wani a matsayin yaron shago, ko ka zauna a gida kana ƙirƙirar ayyuka da kanka kana ɗorawa a intanet. Kowacce hanya tana ba da abin da ɗayar ba ta bayarwa, don haka bari in jera maka su ka gani.

Mu fara da shago, domin samari da yawa sun raina shi, kuma ba su kyauta ba. A shago ne za ka gane cewa abin da ke kan allon kwamfuta daban, abin da injin zai fitar daban. Allo yana haɗa launi da haske, wato RGB, injin kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Shi ya sa shuɗin nan mai ƙyalli ko koren da ya burge ka a laftof yake fitowa a dishe a kan takarda, kwastoma ya ce ba abin da aka nuna masa ba ke nan. A nan za a koya maka barin rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, da janyo rubutu ciki kada a fille masa kai. A nan za ka koyi mayar da rubutu zane kafin ka miƙa fayil, in ba haka ba kwamfutar mai injin ta sauya maka haruffa da wasu, layi ya hau kan layi. Za a turo maka hoton ango ta WhatsApp, wanda manhajar ta riga ta matse, a ce ka sa shi a fileks mai faɗin bango, kai za ka san ko zai ɗauka ko zai fashe. Katin da ake riƙewa a hannu yana son hoto mai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, fileks ɗin da za a hango daga tsallaken titi bai buƙatar haka. Kuma yawancin shagunanmu da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, in ba ka iya ta ba, a can hannunka zai faɗa.

Akwai darasin da ya fi waɗannan duka tsada: mutane da kuɗi. Alhaji zai tsaya a bayanka yana nuna allo da yatsa, a ƙara wa sunansa girma, a sa ja, a cike wancan filin da ka bari da gangan, kuma yana son kayansa kafin la'asar. Yadda za ka lallashe shi ba tare da ka ɓata masa rai ba, da yadda oga yake lissafin takarda, bugu, yanka da laminatin kafin ya faɗi farashi, ba bidiyon da zai koya maka su.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Shago yana ba da gogewa, bai cika ba da abin sawa a kundi ba. Mafi yawan aikin can sauya suna ne a kan tsohon samfuri: katin ɗaurin auren jiya a cire sunan wane a sa na wane, jota, kalanda, fastar 'yan siyasa in kakar zaɓe ta zo. Hukuncin ƙarshe na kwastoma ne, aikin kuma na shago ne. Katunan biki cike suke da sunayen mutane da lambobin wayarsu, ba ka da hurumin baza su a intanet. Mutum zai iya shekara yana fitar da aiki kullum, ranar da aka ce ya zaɓo biyar da yake alfahari da su ya rasa. Kuɗi kuwa, in an ba ka na mota da na abinci, ka gode.

A gida lamarin ya juye. Ba mai tsaya maka a ka, kai za ka zaɓi abin da za ka zana, kuma kayan aikin ba sa buƙatar jari mai yawa. Manhajojin zane irin su Inkscape da GIMP kyauta ne, Figma da Canva suna da tsarin kyauta, Behance ma, dandalin da masu dizayin ke baje ayyukansu, ba a biyan ko sisi kafin a buɗe shafi. Akwai atisaye irin su 36 Days of Type, wanda aka fara a Barcelona a 2014, inda ake zana harafi ɗaya ko lamba ɗaya kowace rana. Irin wannan yana wasa ido da hannu sosai. Nan za ka sami lokacin yin logo sau ashirin kafin ka tsayar da ɗaya, abin da oga ba zai taɓa lamunta ba.

Raunin gida shi ne babu wanda zai ce maka a'a. Ba farashi, ba wa'adi, ba injin da zai tona asirin kuskurenka. Sai ka ga kundin matashi daga Kano ko Zinder cike da tambarin kamfanin kofi na bogi mai sunan Turanci, an ɗora shi a kan kofin takarda da jaka da bangon gilas, duk a hotunan mokof, wato hotunan kwaikwayo da ake liƙa zane a kansu, da aka sauke kyauta. Suna da kyau a ido, ban musa ba. Amma mai ɗaukar aiki ya ga irinsu fiye da ƙima, kuma da kallo ɗaya zai san ba a taɓa buga su ba, ba a taɓa sayar da komai da su ba. Tambayarsa ta farko, wa ya ba ka wannan aikin kuma wace matsala ya warware, za ta bar ka baki buɗe.

Sai dai in UI/UX ka nufa, wato tsara fuskar manhaja da shafukan intanet, to ma'aunin ya karkata ga gida. Shagon firintin ba abin da zai ƙara maka a wannan fanni. Gara ka riƙe Figma, ka nemi masu rubuta manhaja da ke buƙatar mai zane, ka kuma duba shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023, don wannan fannin yana cikin abin da ake koyarwa.

Ni abin da nake so ka ji shi ne, ana iya gyara raunin gida cikin sauƙi, shi kuwa raunin shago ba a hannunka yake ba. Maganin shi ne ka daina ƙirƙirar kwastoman bogi alhali na gaske sun kewaye ka. Akwai matar da ke yin yajin daddawa tana zubawa a roba ba ko suna a jiki. Akwai mai kilishi, mai turaren wuta, mai zoɓo da kunun aya, Islamiyyar unguwa da ke shirin walimar sauka. Ɗauki mai yajin nan misali. Ka karɓi robar ka auna kewayenta da zare, ka yanka farar takarda ka naɗa ka ga inda sunan zai tsaya da inda zai ɓace a lanƙwasa. Ka tambaye ta a ina ake sayarwa, a kanti ne cikin jerin wasu robobi ko hannu da hannu a gidan biki. Ka buga sitika guda goma na gwaji, ka taɓa ɗaya da hannu mai maiƙo ka ga ko tawadar za ta zauna. In na zoɓo ne, ka jefa gorar cikin ƙanƙara na awa biyu ka ga ko sitikar za ta saɓule. Ka bar gurbin nauyi, ranar yi da ranar lalacewa. In kayan na da rajistar NAFDAC ka sa lambar, in babu, kada ka kuskura ka ƙirƙiri wata don ado, laifi ne babba. Ka ɗauki hoton robar kafin aiki da bayansa. Wannan aiki guda ɗaya ya fi mokof talatin nauyi, don yana da labari, kuma hotonsa na gaske ne.

Ga wata dama da mu masu Hausa muke sakaci da ita. Samfuran haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga fasta mai kyau amma harafi ɗaya ya fito da wata siffa daban, ko ɗan akwati ya maye gurbinsa. Noto Sans, Andika da Charis SIL suna da su, kuma kyauta ne. Ka sa aƙalla aiki ɗaya na Hausa zalla a kundinka, da haruffa daidai da ƙa'idar rubutu, ko da fastar wayar da kai kan zazzaɓin cizon sauro ce. Ƙungiyoyin da ke buga saƙonni da Hausa suna neman mai wannan kulawar, kuma ba kowane mai zane ne yake da ita ba.

Maganar aikin kyauta kuwa, ka yi shi da iyaka. Aiki ɗaya, gyara sau biyu, su za su biya kuɗin bugu, kuma ka nemi izinin nunawa tun kafin ka fara. Wanda yake da halin biya, ya biya ko kaɗan ne, don in ka saba wa mutane da kyauta, ranar da ka faɗi farashi za a ce ka canza hali. Fiverr da ire-irensa, wato dandalin neman aiki a intanet, ba matakin farko ba ne: Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki, kuma sabon shafi marar shaidar kowa yakan daɗe ba a ƙwanƙwasa masa ba. Ka je can bayan kundin ya tsaya da ƙafarsa.

Shi kansa kundin ba ya son tarkace. Ayyuka biyar ko shida sun isa, kowanne da hoto uku ko huɗu da 'yan layuka: me aka nema, me ka yi, me ya sa. Wanda na gwaji ne ka rubuta cewa na gwaji ne, kada ka jingina shi ga kamfanin da bai san da kai ba. Ka goge sunaye da lambobin mutane. Ban da Behance, ka tanadi PDF marar nauyi wanda zai buɗe a waya ba tare da ya cinye wa mutum data ba, domin a nan ta WhatsApp za a fi tambayarka.

In dizayin na bugu kake so, shawarata ka je shagon, amma da wa'adi: wata uku ko huɗu, rabin yini, yamma kuma ta masu yaji da kilishi ce. Ɗaliban da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ke gabansu su nemi a tura su maɗaba'a, sun huta da neman hanya. 'Yan'uwa mata da zaman shago zai yi musu wuya su riƙa raka aikinsu wurin bugu da kansu, su tsaya har a yanka, su yi ta tambayar mai injin. Kai kuma ranar da za ka fara, ka gaya wa oga a fili cewa koyo ya kawo ka, ga watannin da za ka yi, kuma kana roƙon ya bar ka ka riƙa buga ayyukanka na waje a injinsa a farashin 'yan gida.